Mai Noti Uku

Shekara goma sha biyar motar Baba ta yi a gindin darbejiyar gidanmu da ke Zariya, lulluɓe da tamfol, tun rasuwarsa a 2006. Da muka yi shawarar tayar da ita a 2021, duk fargabata tana kan inji. Ashe ba nan wahalar take ba. Tsohon bakanikenmu, wanda tun yana yaron gareji yake taɓa motar, ya wanke tanki da kafireto, ya sauya batir da fulogi da robobin birki, ya ɗiga mai a cikin silinda ya bar shi ya jiƙa kwana biyu. Kafin mako uku ya cika ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta tashi. Hajiya tana daga ɗaki ta gane ƙarar, ta fito bakin ƙofa ta tsaya ba ta ce komai ba.

Abin da ya ci mini wata goma sha ɗaya shi ne safaya. Mun duba mazauninta a bayan motar muka tarar wayam. Babu wanda ya san ranar da ta fita, ko a hannun wa.

Mukan haɗa abin duka mu ce taya, amma abu biyu ne: akwai robar da ke taka ƙasa, akwai kuma rim, wato ƙarfen da robar ke hawa, wanda ake ɗaurewa da noti a jikin mota. Robar ba ta gagare ni ba. Lambarta 165 R15, irin wadda Volkswagen mai siffar kunkuru ma kan iya sakawa, kuma na same ta a Kano bayan 'yan tambayoyi. Abin lura kawai shi ne shekarunta, domin taya tana tsufa ko ba ta taɓa taka kwalta ba. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Wannan mai sauƙi ne. Rim ɗin ne ya zama aiki, saboda Peugeot 404 ce, kuma ƙafarta noti uku ke riƙe ta.

Yaran yanzu idan na faɗi haka sai su ɗauka ɗaya ne ya faɗi. A'a, haka Faransawa suka ƙera ta: ƙusoshi uku, a kan da'ira mai faɗin milimita 160, rim kuma inci 15. An fara yin 404 a 1960, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, injinta lita 1.6, giyarta a jikin sitiyari. Da waɗannan noti ukun ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. Faransa ta daina yin ƙaramar motar a 1975, amma a Kenya an ci gaba da haɗa a-kori-kurarta har 1991. Tamu ƙirar 1972 ce, sitiyarinta a hagu, domin a watan Afrilun shekarar ne Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Baba ya saye ta a 1975 daga wani Bature malamin makaranta da zai koma gida, da kuɗin ƙarin albashi na Udoji da ɗan rancen mota na ma'aikata. A shekarar ce kuma aka buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri, Kaduna, wadda ta cika ƙasar nan da 504 har ta zama motar gwamnati, motar haya, motar ango, motar ɗaukar gawa. Fijo kawai ake cewa, kowa ya gane.

Akwai wata tafiya da ba na mantawa. A 1981 ne, muna hanyar Funtuwa za mu gaida Kaka da Sallah, ni ina baya tsakanin Yaya da buhun shinkafa. Bayan mun wuce Giwa muka hango wata 404 ta haya a gefen hanya, fasinjoji sun watsu a inuwar wata ɗorawa, mata da goyo. Direban ya yi faci sau biyu, safayarsa ma ta tafi, kuma mai faci yana da nisa. Baba ya tsaya. Bai san mutumin ba, mutumin bai san shi ba. Bayan sallama da jaje, ya ce da Yaya ya sauko da safayarmu. Direban ya riƙa cewa, "Malam, kai fa? Idan taka ta yi a gaba?" Baba ya ce, "Idan ta yi, wani zai tsaya." Ya faɗa masa unguwarmu da sunan makarantar da yake koyarwa, shi ke nan, babu takarda, babu jingina.

Kwana uku bayan mun dawo, wani yaron mota ya gangaro da taya har ƙofar gida, da ƙwan zabi a cikin ƙwarya. Ni ne na lura rim ɗin ba namu ba ne. Namu yana da ɗigon shuɗin fenti a ciki, wannan kuwa babu. Na gaya wa Baba cikin zumuɗi, kamar na kama ɓarawo. Ya juya shi, ya duba ramukan, ya shafa bakinsa da tafin hannu, ya ce, "Duk ɗaya ne, ɗana. Mai lafiya ne." Aka mayar da shi mazauninsa, ya yi shekara ashirin da biyar yana yi mana aiki. Wato safayar da na rasa a 2021, wadda nake kira ta Baba, tun asali ta wani direba ce da ban san sunansa ba.

A lokacin ban fahimci abin da ya sa Baba bai damu ba. Yanzu na gane. Duk mota uku da za ta wuce ka a hanyar nan, da wuya ka rasa Fijo a ciki. Kowane mai faci yana da rim ɗinta jingine a bango, kowace tasha tana da wanda zai ara maka, kowane bakanike ya san ta kamar yunwar cikinsa. Safayarka ba ita kaɗai ce safayarka ba. Duk motar da ke tafe a bayanka tana ɗauke da wata. Abin da ya ba Baba ƙarfin halin miƙa tasa ke nan, bayan kyawun zuciyarsa, wanda ba na rage masa komai a kai.

Da wannan tunanin na zamanin da na shiga nema, kuma shi ya fara ba ni kunya. Na fara da 'yan kayan gyara na Sabon Garin Zariya. Matasan shagunan suka karɓe ni da ladabi, "Alhaji, wace mota?" Da na ce 404 sai su kawo rim ɗin 406, su ce ai duk Fijo ce. Wannan rami huɗu ne a kan milimita 108. Wani ya kawo na 504, yana murna ya samo tsohon kaya. Shi ma rami huɗu ne, a kan 140. Na tsofaffin Golf da Corolla huɗu a kan 100, na Camry biyar a kan 114.3. Ban ga laifinsu ba. Yawancinsu an haife su ne bayan 404 ta bar hanya, kuma a shago ɗaya suna riƙe da lissafin motoci iri talatin a ka, abin da iyayen gidansu ba su taɓa buƙata ba.

Bakanikenmu ne ya hana ni yawon banza. Ya karyo tsinken kara, ya ɗora a tsakiyar ƙusa ɗaya zuwa tsakiyar ta kusa da ita, ya yanke daidai, ya miƙo mini. Ya ce, "Riƙe wannan a aljihu. Duk rim ɗin da aka nuna maka, kada ka saurari baki, ɗora masa kara." Daga baya na auna karan da rula, ya ba ni kusan milimita 139, kuma lissafi ya gaskata shi: idan ramuka uku suna kan da'irar 160, tazarar kowane biyu ke nan. Shi bai taɓa jin lissafin ba. Ya kuma koya mini sauran abubuwan da ido ba ya kamawa da wuri. Ramuka su dace bai isa ba. Sai an duba zurfin rim, wato inda farantin tsakiya ya zauna tsakanin bakin ciki da na waje: ya cika shigewa ciki, ya gogi birki ko shakazoba; ya cika fitowa, ya ci bodi, ya kashe boris. Sai an duba bakin ramukan, ko noti ya cinye su sun zama kamar ƙwai. Sai an duba tsatsa a inda robar ke kamawa, domin ta nan iska ke sulalewa.

Karan nan ya je Panteka a Kaduna, ya je Ƙofar Ruwa a Kano sau uku. A Ƙofar Ruwa wani dattijo ya shiga can ƙuryar rumfarsa, ya daɗe yana ture ƙarafa, ya fito da rim mai rami uku. Gabana ya faɗi don murna. Amma tun kafin in ciro kara na ga ya yi ƙanƙanta. Na Renault 4 ne, inci 13, ramukansa a kan 130. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, ka makara da shekara goma. Da a nan har zama muke yi a kansu." Na tambaye shi ina suka tafi. Ya nuna mini wata tirela da ake lodawa a bakin hanya, ya ce, "Ga inda suke tafiya."

Amsar da na yi ta samu ke nan a ko'ina. Ba lalacewa rim ɗin 404 suka yi ba. Ƙarfe ne mai kauri, zai iya shekara ɗari. Narka su aka yi. Tun da kamfanonin narka ƙarfe suka fara sayen gwangwan a kan kilo, duk abin da ke kwance a bayan gareji ya sami farashi, kuma farashin nauyinsa ne, ba amfaninsa ba. Yaro mai kura zai zagaya unguwa, ya auna, ya biya, ya wuce, kuma ba zan zarge shi ba, abincinsa yake nema ta halal. Sai dai sikeli bai san bambancin rim mai lafiya da ruɓaɓɓen kwano ba. Ina jin da yawa daga rodin da ke cikin ginshiƙan sababbin gidajen Kano da Abuja, a da ƙafafun Fijo ne.

Kafin narkawar kuwa an yi watsewa. Daga 1986, da tsarin SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta irin Baba. Sai motocin Kwatano suka malalo, na hannu daga Turai da Amurka da Japan, kowace da nata ƙirar ƙafa. Masana'antar Kakuri ta yi ta raguwa har 504 ma ta tsaya a tsakiyar shekarun 2000. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Ikeja a 2008. Ba na cikin masu cewa komai na da ya fi na yanzu. Motocin yau sun fi shan mai kaɗan, sun fi birki, sun fi kare rai idan an yi karo, kuma mutane da yawa sun mallaki mota waɗanda a zamanin Fijo sai dai su gani a hanya. Amma wani abu ya tafi wanda ba a lissafa shi ba. Yau ko ka tsaya don taimakon wanda ya yi faci, ko ka kawar da tsoron da ya hana mutane tsayawa a daji, da wuya safayarka ta hau motarsa. Niyyar tana nan a zukata da yawa, na tabbata. Ramukan ne ba sa haɗuwa.

Masu walda na Panteka sun ba ni mafita iri biyu. Ɗaya ya ce a toshe ramukan rim ɗin 504 a huda sababbi uku. Ɗaya ya ce a yanko tsakiyar wani a liƙa a bakin wani. Ina girmama mutanen nan ƙwarai. Na ga sun ƙera abin da injiniya mai digiri zai tsaya yana kallo. Amma bakanikenmu ya ƙi, ni ma na bi bayansa. Rim ɗin da tsakiyarsa ta kauce ko da milimita ɗaya zai riƙa girgiza mota, girgizar ta riƙa sassauta noti, kuma mai noti uku ba ta da na huɗu da zai rufa mata asiri. Safaya kuwa ba a saka ta sai a ranar da abubuwa suka riga suka ɓaci, da dare, ko a nesa da gari, da iyali a ciki. Ba ranar gwaji ba ce.

Ɗana ya duba intanet ya nuna mini rim ɗin a Faransa, an wanke, an yi masa fenti, ana sayarwa da yuro. A can 404 ta zama abin adana. Tana gidan tarihin Peugeot da ke Sochaux, masu sha'awarta suna da ƙungiyoyi. Da muka haɗa kuɗinsa da na jirgi da na kwastan, ya kusa abin da muka kashe a kan injin gaba ɗaya. Ba kuɗin kaɗai ya tsayar da ni ba. Zuciyata ta ƙi yarda cewa a ƙasar da motar nan ta yi wa bauta shekara talatin, ta kai amare, ta kai marasa lafiya asibiti, ta kai gyaɗa da auduga kasuwa, a ce ƙafarta ɗaya sai an roƙo daga Turai.

Na aika wa wani surukinmu a Maraɗi, domin a Nijar tsofaffin motocin Faransa sun fi daɗewa a hanya. Bayan wata guda ya aiko da saƙo ta hannun direban tasha, a naɗe cikin buhu. Rami uku, inci 15. Na ɗora kara, ya zauna cif. Na ɗauka an gama. Bakanikenmu ya karɓa da hannu ɗaya, ya jinjina shi sau biyu, ya girgiza kai. Na Citroën 2CV ne, ƙaramar motar nan da ba ta kai kilo 700 ba, mai siririyar taya lamba 125. Ita 404 ta haura kilo 1,000 tun ba a ɗora mata kowa ba. Ya ce, "Kama da wane ba ta wane, Alhaji. Wannan zai shiga, amma ba zai ɗauka ba." Ranar na yi baƙin ciki fiye da yadda abin ya kamata, har Hajiya ta tambaye ni ko wani abu ya faru a wurin aiki.

Na taɓa ganin na gaske sau ɗaya kafin ƙarshe, a inda ban zata ba. Mun je ɗaurin aure wani ƙauye a ƙasar Kazaure, muka ajiye mota kusa da makarantar firamare. A reshen wata bishiya an rataye rim da waya, wani yaro yana dukansa da guntun ƙarfe don a tashi tara. Rami uku. Na matsa na ɗora kara, ya dace. Sai na tuna ƙararrawar firamarenmu ma rim ce, kuma ban taɓa tambayar na wace mota ba ne. Hedimasta ya fito, muka gaisa, na ba shi labari, ya ce, "Ranka ya daɗe, idan zai yi maka amfani ka kawo mana wani ka ɗauka." Na duba bakinsa: shekaru na duka sun lanƙwasa shi, gefe ɗaya har ya tsage. Ba zai ƙara riƙe iska ba. Na yi masa godiya na bar musu abinsu, kuma ban ji zafin barinsa ba, domin yana kan aiki.

Amma ganin nan ya sauya mini inda nake dubawa. Na daina kallon shaguna, na koma kallon abin da mutane suka mai da rim: murhun mai tsire, gindin laimar mai sayar da kati da aka cika da siminti, turken allon mai faci. A watan Agustan 2022, a hanyar Daura zuwa Mai'aduwa, muna bin bayan amalanken shanu da ya ɗauko taki, idona ya sauka a ƙafarsa. Na ce da ɗana ya tsaya.

Maƙeran karkara sun daɗe suna ɗaura amalanke a kan aksul ɗin bayan tsofaffin motoci, wato doguwar sandar ƙarfen da ƙafafu biyu ke juyawa a kanta. Wannan na 404 ne, da rim ɗinsa biyu, duka masu noti uku. Mai amalanken dattijo ne, ya tsayar da shanunsa yana mamakin abin da ya sa mai mota ya durƙusa a gaban ƙafar amalankensa da tsinken kara. Na yi sallama, na ce, "Baba, ƙafar nan nake so." Ya ce, "Ɗana, idan na ba ka ƙafa, da me zan kai taki gona?" Muka zauna a inuwa. Ashe shi ma yana da tasa damuwar: ya gaji amalanken daga mahaifinsa, kuma samun tsohuwar taya mai inci 15 da za ta hau siririn rim ɗin nan ya zama masa wahala, ɗaya ƙafar ma tsumma da roba aka cusa mata. Maƙwabtansa masu ƙafar ƙananan motocin yanzu kuwa, a kowace kasuwa suna samun ta hannu da araha.

Ba mu yi ciniki irin na kasuwa ba. Na ce zan sa maƙerin garinsu ya ɗora masa wani aksul ɗin mai noti huɗu, da rim biyu da tayoyi masu sauran rai da tiyub sababbi, ni kuma in ɗauki tsohon. Ya ce sai ya ga aikin da idonsa, kuma sai bayan an gama kai taki. Na jira mako biyu. Ranar da aka gama ya ɗora buhu shida, ya zagaya da shanun har bakin kasuwa ya dawo, sannan ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Da zan tafi ya sa jikansa ya saka mini damin gero a but, ya ƙi sauraron komai a kai.

A Zariya bakanikenmu ya ɗaga ƙafar baya da jak, ya ɗaura rim na farko, ya kafa alli a kan bulo dab da bakinsa, ya juya da hannu. Allin ya taɓa wuri ɗaya ya tsallake sauran. Wannan ya karkace, nauyin taki da ramukan hanyar gona sun yi aikinsu. Ya ɗaura na biyu ya juya. Farin layi ya zagaye bakin rim ɗin bai yanke ba. Ya sake juyawa, ya sa kunne, ya bi ramukan uku da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya miƙe, ya goge hannu a rigarsa, ya ce da yaronsa ya kawo buroshin ƙarfe da jar fenti ta hana tsatsa.

Da aka kankare ƙasa da kashin shanu daga cikinsa, sai ga ragowar wani tsohon fenti, kore, wanda wani ya ɗiga da gangan a gefen rami ɗaya. Yaron ya ɗaga buroshi zai goge, na ce ya bar shi. Washegari aka hau da robar, aka ba ta iska, muka jingine ta a bango kwana uku don mu ga ko za ta sauka. Ba ta sauka ba. Ranar Juma'a na ɗaura ta a mazauninta, na ɗauki Hajiya muka kama hanyar Funtuwa.